Ɗan Ƙasa da Baƙo: Daga Ina Wannan Rabuwa Ta Samo Asali?

Wata Lahadi bayan sujadar safe, wata yarinya daga cikin mawaƙan ikkilisiyarmu ta tsaya tana jirana a bakin ofis. Ta gama sakandare, ta ci jarrabawa, ta sami gurbin karatu, sai aka ce ta kawo takardar shaidar zama 'yar asalin ƙaramar hukuma, wadda muka saba kira takardar indijin. Ta ce mini, "Baba, na je sakatariya, sun ce in tafi garinmu. Ni kuwa ban san wani gari ba in ba nan ba." A Sakkwato aka haife ta, a Sakkwato aka haifi mahaifinta. Kakanta ne ya baro ƙasar Zuru yana saurayi, ya yi aiki a kamfanin siminti na Kalambaina har ya tsufa, a nan kuma aka binne shi. Na ce mata, "'Yata, ma'aikacin da ya sallame ki bai ƙago wannan daga kansa ba, abin da ya tarar ana yi shi yake yi." Amma tambayarta ta zauna mini a rai, domin kusan kowace ikkilisiya a Arewa tana da irin wannan yarinya.

'Yan'uwa, ku lura da kalmar "ɗan ƙasa" a bakinmu. Ma'ana biyu take ɗauke da su. Idan aka ce wane ɗan ƙasa ne, ana iya nufin ɗan Nijeriya ne, yana da fasfo da katin zaɓe. Ana kuma iya nufin ɗan asalin wurin ne, kakanninsa ne suka sare dajin. Yarinyar nan tana da ta farko, ba ta da ta biyu a garin da aka yanke cibiyarta. Yawancin wahalar da muke sha a kan wannan batu daga tsakanin ma'anonin nan biyu take fitowa, kuma ba mu ne muka fara shan ta ba.

A birnin Atina na ƙasar Girka, a shekara ta 451 kafin haihuwar Almasihu, shugabansu Ferikilis ya kawo doka cewa ba wanda zai zama ɗan birni sai wanda uwarsa da ubansa duka 'yan Atina ne. Baƙon da ya zauna a can yana biyan haraji na musamman, yana zuwa yaƙi idan an kira, amma ba ya jefa ƙuri'a, ba ya kuma mallakar fili sai da izini na musamman. Shahararren masanin nan Aristotil ya yi shekaru masu yawa yana koyarwa a Atina a matsayin baƙo, domin a wani gari aka haife shi. Dokar ma ta juyo kan mai ita: Ferikilis ya haifi ɗa da wata mace 'yar garin Militus, da annoba ta kashe sauran 'ya'yansa maza sai da ya roƙi jama'a su yi wa wannan ɗan alfarma.

Romawa sun bi wata hanya dabam. A wurinsu zama ɗan Roma matsayi ne na shari'a da ake iya ba mutum. Bawan da ubangidansa ɗan Roma ya 'yanta bisa ƙa'ida yakan zama ɗan Roma. Sojan da ya fito daga ƙasashen da aka ci da yaƙi, idan ya cika shekara 25 yana aiki, ana ba shi shaida a rubuce kan farantin tagulla. A shekara ta 212 bayan haihuwar Almasihu, Kaisar Karakalla ya ba kusan dukan 'ya'yan daular da ba bayi ba wannan matsayi. Mun san amfanin abin daga Ayyukan Manzanni sura 22. Bulus Bayahude ne, daga kabilar Biliyaminu, haifaffen Tarsus, amma da aka ɗaure shi za a yi masa bulala a Urushalima, ambaton cewa shi ɗan Roma ne ya sa aka janye hannu. Shugaban sojojin da ya kama shi da kuɗi mai yawa ya sayi nasa matsayin, Bulus kuwa a ciki aka haife shi. Ba wanda ya ce sai ya daina zama Bayahude tukuna.

Har a cikin Isra'ila ta dā muna ganin hanyoyin nan biyu suna ja da juna. Ezra sura 2 ta ba da labarin waɗansu iyalai da suka komo daga bautar Babila, aka nemi sunansu a littafin asali ba a samu ba, sai aka hana su aikin firist. Ezekiyel sura 47 kuwa ta yi maganar baƙin da suka zauna suka haifi 'ya'ya a cikin jama'a, cewa a ba su gādon ƙasa a cikin kabilar da suke zaune.

Ƙasashen zamani ma haka suka rabu. Faransa, tun dokar 1889, tana karɓar yaron da aka haifa ya kuma girma a ƙasarta ko da iyayensa baƙi ne. Jamus ta riƙe dokar jini ta 1913 har zuwa 2000, shi ya sa jikan Baturke da aka haifa a Balin yakan zauna baƙo, alhali mai jinin Jamusawa da ya taso daga Rasha yana isowa ake ba shi takarda. A Amurka kotun ƙoli ta yanke a 1857 cewa baƙar fata ba zai zama ɗan ƙasa ba, sai bayan yaƙin basasa aka gyara tsarin mulki a 1868.

Yanzu mu dawo gida.

Birnin da muke zaune a cikinsa gari ne da masu zuwa suka gina. Muhammadu Bello ya kafa shi a 1809 a wurin da dā ƙaramin ƙauye ne, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya dawo cikinsa a 1815, ya rasu a 1817. Shi kansa Shehu a Maratta aka haife shi a 1754, garin da yau yake cikin Jamhuriyar Nijar, kakanninsa Toronkawa kuwa daga Futa Toro ta ƙasar Senegal suka taso ƙarnuka kafin haka. Waɗanda suka cika sabon birnin sun haɗa da Fulani na dangi dabam-dabam, da Gobirawa, Zamfarawa, Adarawa, Kabawa, Zabarmawa, Buzaye da sauransu. Sunayen mazaɓun cikin gari irin su Sarkin Adar da Sarkin Zamfara, da unguwar Gobirawa, suna nan suna ba da shaida har yau. Haka yake a Kano, inda Ayagi take unguwar Yarabawa, Tudun Nufawa ta Nufawa, Dandalin Turawa kuma ta Larabawan da suka ƙetaro hamada. Jikokin mutanen nan yau Kanawa ne, ba mai tambayarsu takarda.

Ta yaya baƙo yake zama ɗan gari a wancan zamani? Yakan sauka a wurin maigida, maigida ya kai shi gaban mai unguwa, a nuna masa inda zai kafa bukka ko gona. Ya biya abin da ake biya, ya koyi harshe, ya yi aure a cikin jama'a. 'Ya'yansa su tashi da Hausa a baki. Kafin jikoki su girma asalin ya koma abin barkwanci tsakanin taubasai, kamar yadda Gobirawa da Yarabawa suke tsokanar juna, ko Barebari da Fulani. Hausawa suna cewa baƙo raɓa ne, ɗan gari kaba, amma a aikace raɓar da ta daɗe takan yi saiwa. Babu wani ofishi da ya ajiye littafin da zai hana ta.

Kada wannan ya sa mu ɗauka zamanin ba shi da nasa shinge. Yana da shi, mai tsawo kuwa. A Daular Usmaniyya abin da ke ba mutum cikakken matsayi shi ne Musulunci da kasancewa ɗa, wato ba bawa ba. Maguzawa, waɗanda Hausawa ne tsantsa da suka riƙe addinin kakanninsu, sun zauna a ƙarƙashin amana suna biyan jiziya. Ana kāre ransu da dukiyarsu, amma ba su da hannu a mulki. Al'ummomin bakin iyaka da ba su ƙulla amana ba kuwa sun sha hare-haren kamun bayi, kuma yawancin masu karanta wannan rubutu sun ji labarin duwatsun da kakanninsu suka hau don su tsira. Bawan da aka haifa a gida, bacucane, yana iya yin arziki har ya riƙe muƙami a fada, duk da haka sunan yana binsa.

Maganar ƙabila ma ba ta kwanta ba ko a cikin jama'ar Shehu. Shehu ya yi gargaɗi a rubuce-rubucensa cewa fifita wata ƙabila a kan wata yana cikin abubuwan da ke saurin rushe mulki. Amma da aka raba tutoci, kusan dukan waɗanda suka karɓa Fulani ne, in ban da Yakubu na Bauchi. Malam Abdussalami, Ba'are, yana cikin almajiran farko, harin da aka kai wa jama'arsa a Gimbana yana cikin abubuwan da suka kunna wutar jihadi. Bayan nasara ya ga rabon da aka ba shi bai kai wahalarsa ba. Ya yi tawaye a Kware, nan kusa da mu, bayan rasuwar Shehu, aka yaƙe shi, ya mutu a 1818. Masana tarihi suna kawo labarinsa idan suna nuna yadda aƙida ta haɗa mutane, rabon muƙami kuma ya tuna musu da asalinsu.

Abin da nake so mu riƙe daga wannan zamani shi ne, shingen yana da ƙofa. Ƙofar tana da tsada, domin sau da yawa kuɗin shiga shi ne mutum ya bar addininsa da harshensa. Amma wanda ya shiga ya shiga, jikansa ba ya komawa baƙo.

Turawan Ingila sun ci Sakkwato ranar 15 ga Maris 1903. Abu biyu suka yi da suka canja ma'anar zama ɗan ƙasa. Na farko, su da Faransawa suka ja layi a taswira, cikin yarjejeniyoyin 1898, 1904 da 1906. Layin ya ratsa ta tsakiyar Gobir, ya bar Sabon Birni a wannan gefe, Tsibiri a wancan. Ya raba Illela da Birnin Ƙonni, ya raba Katsina da Maraɗi. Wa da ƙane suka wayi gari ɗaya na Ingilishi ɗaya na Faransa, jikokinsu yau ɗaya ɗan Nijeriya ɗaya ɗan Nijar.

Na biyu shi ne ya fi shafar yarinyarmu. Turawa sun yi mulki ta hannun sarakuna, ƙarƙashin En'e. A wannan tsari gwamnati ba ta san mutum shi kaɗai ba, ta san shi ne ta hanyar sarkinsa. Haraji, kotu, fili, duk ta En'e suke bi. To, yaya za a yi da wanda ya zo daga wata ƙasa, ba ya ƙarƙashin sarkin wurin bisa al'ada? Sai aka ware masa unguwa. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, wajen 1913 aka kafa Sabon Gari don ma'aikata da 'yan kasuwa daga Kudu da sauran ƙasashen Afirka ta Yamma. A Zariya abin ya kasu uku: birni na 'yan gari, Tudun Wada na 'yan Arewa da ba 'yan gari ba, Sabon Gari na sauran. Gusau ma ta sami nata Sabon Gari. Dā baƙo yakan sauka a gidan ɗan gari, yanzu doka ta ba shi unguwarsa, da kotunsa, da makarantarsa. Hanyar da raɓa take bi ta yi saiwa ta toshe.

Wannan ya taɓa mu kai tsaye. Turawan mulki sun daɗe suna hana 'yan mishan aiki a cikin masarautun Musulmi, sai daga baya aka ba su izinin kula da kutare a wurare irin su Amanawa kusa da Sakkwato, Yadakunya a Kano da Babbar Ruga a Katsina. Saboda haka yawancin majami'un farko a biranen Arewa a unguwannin baƙi aka gina su, har mutane suka saba haɗa kalmar Kirista da kalmar baƙo. Alhali akwai Hausawa da Fulani masu bi tun farkon ƙarnin da ya wuce. Dakta R. A. B. Dikko, likita na farko daga Arewa, wanda yana cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa, daga jama'ar Wusasa ya fito. Haka Farfesa Ishaya Audu, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. Duk da haka ina da 'yan ikkilisiya Hausawa, waɗanda kakanninsu Maguzawa ne da ba su taɓa ƙaura daga ƙauyensu ba, da suka gaya mini sai da suka sha tambayoyi kafin a sa musu hannu a takarda, don kawai sunansu Bulus ko Yohanna. Idan maganar asali ake yi, wa ya fi su?

Da aka doshi 'yancin kai, tsoro ya shigo cikin lissafi. Arewa ta ji tsoron Kudu, wadda ta riga ta nisa a karatun boko, za ta cika ofisoshi. Gwamnatin Sardauna ta ɗauki manufar fifita 'yan Arewa a aikin gwamnati. A lokacin "ɗan Arewa" ya haɗa kowa daga Sakkwato har Kabba, Musulmi da Kirista, shi ya sa irin su Michael Audu Buba da Sunday Awoniyi suka yi aiki kusa da Sardauna. Ƙananan ƙabilu kuma suna da nasu tsoron, na kada manya su haɗiye su. Kwamitin Willink ya zagaya ƙasa a 1957 da 1958 yana sauraron kukansu, ya ƙi ba da shawarar ƙirƙiro jihohi, ya ce a rubuta 'yancin ɗan Adam a tsarin mulki.

Jihohin sun zo daga baya, kuma kowace sabuwar jiha ta haifi sababbin baƙi. Ku dubi kakan yarinyar nan. Da ya iso Sakkwato ɗan Arewa ne a cikin Arewa. A 1967 ya zama ɗan Jihar Arewa maso Yamma, mai hedikwata a Sakkwato. A 1976 aka cire Jihar Neja, aka bar Zuru a cikin Jihar Sakkwato, ya ci gaba da zama ɗan jiha. Ranar 27 ga Agusta 1991 aka ƙirƙiro Jihar Kebbi. Mutumin bai motsa daga gidansa ba, amma ya kwana ɗan jiha ya tashi baƙo, shi da 'ya'yansa da jikokin da ba a haifa ba tukuna. Mutanen Gusau da Ƙauran Namoda da ke zaune a nan sun ga irin wannan ranar 1 ga Oktoba 1996, da aka yanke Zamfara. Musulmi ne akasarinsu, Hausawa da Fulani, takarda ba ta duba wannan ba.

Me kundin tsarin mulki ya ce? Yana magana da baki biyu. Na 1999, a sashe na 41, ya ba kowane ɗan Nijeriya 'yancin zama a duk inda yake so. Sashe na 42 ya hana nuna wa mutum bambanci saboda ƙabilarsa, garin asalinsa, addininsa ko jinsinsa. Sashe na 43 ya ba shi ikon mallakar fili da gida a ko'ina. Sashe na 15 ma ya ɗora wa gwamnati nauyin tabbatar wa kowa cikakken 'yancin mazauni a kowane yanki. Amma sashe na 14 ya kawo tsarin raba daidai, wanda ya fara shiga kundi a 1979, cewa muƙamai su nuna fuskar dukan ƙasa. Sashe na 147 ya ce a naɗa minista aƙalla ɗaya daga kowace jiha, kuma ya zama ɗan asalin jihar. Sashe na 318 ya bayyana wanda yake na wata jiha da cewa shi ne wanda ɗaya daga cikin iyayensa ko kakanninsa ɗan wata al'umma ce ta asalin jihar. Wace al'umma ce ta asali, tun yaushe kuma ake fara ƙirga? Kundin bai faɗa ba. An bar wa ƙananan hukumomi 774, waɗanda 23 daga cikinsu suke Jihar Sakkwato, kowace ta yanke da kanta, bisa shaidar mai unguwa, hakimi da uban ƙasa.

Niyyar raba daidai ba mummuna ba ce, kada mu manta da wannan. Ƙasar da ta fito daga yaƙin basasa tana neman hanyar da ba wanda zai ce an bar shi a baya. Ƙananan ƙabilu da yawa, har da waɗanda mu muka fito daga cikinsu, ta wannan ƙofa suka sami hafsoshin soja da manyan sakatarori. Sai dai da zarar an ce za a raba abu jiha-jiha, dole a san wane ne na wace jiha, takardar indijin kuma ita ta zama mabuɗi: shiga soja da 'yan sanda, aikin gwamnati, tallafin karatu, gurbi a jami'a. Mata sun fi kowa shan wahalarta. A 2012 aka dakatar da rantsar da Mai Shari'a Ifeoma Jombo-Ofo a kotun ɗaukaka ƙara, domin an haife ta 'yar Anambra, an kuma gabatar da ita a kason Abiya, jihar mijinta inda ta yi shekaru tana aiki. Sai da aka yi ta ce-ce-ku-ce kafin a rantsar da ita.

Wani lokaci ma maganar asali takan kai ga a ce mutum ba ɗan Nijeriya ba ne ɗungum. A Janairun 1980 gwamnatin tarayya ta kama Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye a majalisar dokokin Jihar Borno, ta kai shi Chadi, bisa hujjar cewa mahaifinsa daga can ya fito. Babbar kotu a Maiduguri ta yanke cewa ɗan Nijeriya ne, ta ba da umarni a bar shi ya dawo.

Akwai wani gefe na labarin nan da ba mu cika faɗa a majami'u ba. Bahaushe Musulmi, wanda a Sakkwato shi ne ɗan gari, a wasu wurare shi ne yarinyar nan tamu. Bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a Burmi a 1903, dubban mabiyansa suka ci gaba da tafiya gabas, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya kafa gari a bakin kogin Nilu a Sudan, garin da har yau ake kira Mai Wurno. Da Sudan ta zo rubuta dokar zama ɗan ƙasa, sai ta nemi shaidar cewa kakannin mutum suna ƙasar tun kafin Turawa su ci ta a 1898, Hausawa da Fulani da yawa suka rasa shiga. A Yulin 2022 rikici ya ɓarke a jihar Bulu Nayil bayan Hausawa sun nemi a ba su sarautar gargajiya tasu, sama da mutum 100 suka mutu. A Ghana, a Nuwamban 1969, gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takarda mako biyu su fita. Hausawa da Yarabawan da aka haifa a zangon Kumasi da Akara suka hau manyan motoci zuwa ƙasar da wasunsu ba su taɓa gani ba. Nijeriya ta rama a 1983, ta kori fiye da mutum miliyan ɗaya, har jakar da suka zuba kayansu ta sami suna.

A cikin gida kuma akwai Jos. Hausawa sun je can tun farkon haƙar kuza, jikokinsu da tattaɓa-kunnensu ba su san wani gari ba. Berom, Afizere da Anaguta suna cewa ƙasar ta kakanninsu ce. An ƙirƙiro ƙaramar hukumar Jos ta Arewa a 1991, a Afrilun 1994 aka yi rikici kan naɗa Bahaushe shugaban riƙonta, a Satumban 2001 kuma wani naɗin ya zama ɗaya daga cikin abubuwan da suka jawo kashe-kashen da har yanzu ba a gama warkewa daga gare su ba. A Zangon Kataf a 1992, gardamar mayar da kasuwa wani wuri ce ta tone tsohuwar maganar wane ne mai ƙasa tsakanin Atyap da Hausawa. Na san yawancinmu muna da 'yan'uwa da aka binne saboda waɗannan rikice-rikice, ba na kuma raina tsoron ƙaramar ƙabila da take ganin gonakinta da sarautarta suna iya kuɓuce mata. Tsoro ne mai tushe a tarihi. Amma ƙa'idar da ta hana Bahaushen Jos takarda ita ce ta hana yarinyarmu a Sakkwato. Ban ga yadda za mu yi kuka da ita a nan mu kuma yi mata tafi a can ba.

A ganina abubuwa biyu ne aka cakuɗa da ya kamata a raba. Akwai sarautar gargajiya, da wuraren al'ada, da gonakin gādo. Waɗannan na masu asali ne, ba wanda ya zo jiya da zai nemi rawanin wani. Akwai kuma makarantar gwamnati, asibiti, aiki da tallafin karatu, waɗanda da kuɗin kowa ake yin su. Wanda aka haifa a wuri, yake biyan haraji a can, yake jefa ƙuri'a a can, ina hujjar tura shi wani gari ya nemi rabonsa? An sha kai ƙudiri gaban majalisar tarayya cewa wanda ya yi wasu shekaru a jiha, ko macen da ta yi aure a cikinta, a ɗauke su 'yan jihar, har yanzu ba wanda ya zama doka. Gwamnatin Kaduna ta sanar a 2019 cewa ta daina bambanta ɗan asali da mazauni. A nan Sakkwato ma hukumomi sun fi son su ce "mazauna" maimakon "baƙi", kuma duk wanda ya daɗe a garin nan ya san maƙwabta da abokan kasuwa da suka riƙe shi kamar ɗan'uwa. Sai dai fom ɗin shiga soja da na jami'a daga Abuja suke zuwa, kuma har gobe suna da layin da aka rubuta ƙaramar hukumar asali.

Saboda haka abin da nake gaya wa iyaye a ikkilisiyarmu shi ne kada su jira sai yaro ya sami gurbin karatu. Ku kai 'ya'yanku garin kakanninsu tun dattawan da suka san ku suna da rai, domin shaidar baki ce ake fara nema kafin hatimi. Ku karɓi takardar haihuwa daga hukumar ƙidaya, ku adana takardun haraji da na fili. Kada kuma a sayi takardar wata ƙaramar hukuma da sunan ƙarya. Ban da cewa ƙarya ce, ana iya tono ta bayan shekara ashirin a kori mutum daga aiki.

Yarinyar ta tafi Zuru tare da mahaifinta. Sun yi kwana uku suna neman wanda zai tuna da kakanta, har suka sami wani tsoho ƙanen kakarta a wani ƙauye bayan gari, shi ya raka su wurin mai unguwa. Gaisuwar da aka yi mata da C'lela ba ta iya amsawa ba, sai mahaifinta ya amsa mata da ɗan abin da ya rage masa. Ta dawo ranar Alhamis da takardar a cikin leda, an rubuta sunan ƙauyen da ta fara gani a wannan makon. Ƙannenta biyu suna aji biyar da aji uku na sakandare, mahaifinsu ya ce da hutun Kirsimeti zai kai su tun tsohon yana nan.